A Jinjina Wa Kyamarar Da Ta San Mai Gida

Mutanen ƙasar nan ba su iya godiya ba. Da sun iya, da tuni an tara jama'a a dandalin Eagle Square an karrama gidan talabijin na ƙasa, NTA, wanda ke Area 11 a Garki, saboda riƙon amana. Tun 1977 da aka kafa shi gwamnatoci ke zuwa suna wucewa, masu kaki da masu babbar riga, shi kuwa yana nan bakin aikinsa. Wuta takan ɗauke, famfo yakan ƙafe, albashi yakan makara, amma da wuya labaran ƙarfe tara su yi fashin nuno mana shugaban ƙasa yana murmushi.

'Yan hassada suna cewa wai gidan yana da son kai lokacin zaɓe. To, a zo a yi lissafi. Gab da zaɓen 2015, NTA da gidan talabijin na AIT sun haska wani dogon shiri da aka biya kuɗi aka sa, wanda ya wanke marigayi Muhammadu Buhari tas, ba da sabulun yabo ba. Masu sa ido na Tarayyar Turai suka rubuta cewa kafofin gwamnatin tarayya sun karkata ga Goodluck Jonathan da PDP. Aka kaɗa ƙuri'a ranar 28 ga Maris, Buhari ya ci. Da 2019 ta zagayo, Turawan nan suka dawo, suka sake zama gaban akwatin, suka rubuta cewa NTA ya karkata ga Buhari da APC. Ina son kai a nan, jama'a? Wanda ya yi wa PDP hidima da zuciya ɗaya, ya juyo ya yi wa APC da wannan zuciyar, ai shi ne adali. Laimar sarki ce, ba ruwanta da wanda aka naɗa. Duk wanda ya hau doki shi take yi wa inuwa.

Gaskiya ne sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana a yi amfani da kafofin gwamnati don fifita wata jam'iyya, ya kuma ce a raba wa 'yan takara lokaci daidai wa daida. Amma waɗanda suka rubuta dokar ba su tausaya wa mai kallo ba. Mutum 73 ne suka nemi kujerar shugaban ƙasa a 2019, 18 a 2023. A ce talaka ya dawo gida a gajiye, a jera masa fuskokin nan duka? Sai ma'aikatan labarai suka ɗauke masa nauyi, suka zaɓar masa guda. Kuma ba a karya doka ba, domin idan shugaba ya buɗe gada ana saura mako biyu zaɓe, ga tutocin jam'iyya, ga makaɗa, wannan aikin gwamnati ne. Kamfe shi ne abin da ɗan adawa yake yi, shi ya sa ake ba shi daƙiƙa talatin.

Fasahar ɗaukar hoton ma abin a yaba ce. Taron mai mulki daga sama ake ɗaukarsa, ka ga kawuna har iyakar ganinka. Taron ɗan adawa kuwa, mai kyamara yakan yi sammako don kada ya makara, sai ya samu kujeru babu kowa, ya ɗauke su cikin ladabi ya koma ofis. In ɗan takarar ya fara magana, za ka ga bakinsa yana motsi, muryar wakilinmu tana taƙaita maka abin da ya kamata ya faɗa. An hutar da kai, an hutar da shi.

Kada a ce gwamnati kaɗai ta iya. Masu zanen allunan talla na Abuja sun nuna tasu bajintar a Satumba 2014, wata biyar bayan sace 'yan matan Chibok, lokacin da masu fafutuka ke zaman dirshan a Unity Fountain suna kiran a dawo da yaran. Wasu masu basira suka ga taken ya karɓu a duniya, suka ce asara ce a bar shi haka, suka juya shi ya koma kiran a dawo da Goodluck a 2015, suka kafa a bakin titi. Sai da surutu ya kai Amurka Jonathan ya ce a sauke. Ƙungiyar magoya bayansa ta TAN kuma ta jera hotonsa da na Nelson Mandela da Martin Luther King a tallar talabijin, don kada tarihi ya sha wahalar yanke hukunci.

Amma kambin yana wurin Ayo Fayose, gwamnan Ekiti na lokacin. A Janairu 2015 ya sayi shafin farko na jaridun Punch da The Sun, ya jera hotunan Murtala Mohammed da Sani Abacha da Umaru 'Yar'aduwa, waɗanda suka rasu a kan mulki, ya ɗora na Buhari da alamar tambaya. Editocin da suka karɓi tallar sun nuna mana cewa jarida ba ta ƙyamar kowa, ko da mai sanar da mutuwar rayayye ne, muddin ya biya. Buhari dai ya yi shekara takwas ya miƙa mulki da hannunsa a 2023.

AIT ma ba a bar shi a baya ba. A Maris 2015 ya haska shirinsa a kan Bola Tinubu, Tinubu ya kai ƙara yana neman diyyar naira biliyan 150, a Fabrairu 2016 gidan ya fito ya ba da haƙuri. Tuba mai kyau ke nan, wadda ta jira aka gama ƙirga ƙuri'a. Kuma don kada wani ya ce an zalunce shi, manya da dama sun tanadi nasu bakin: marigayi Raymond Dokpesi na AIT jigo ne a PDP, TVC da The Nation kowa ya san dangantakarsu da Tinubu, The Sun ta Orji Kalu ce, Atiku Abubakar yana da Gotel a Yola. Gaskiya ta yawaita a ƙasar har kowa yana da tasa.

Muhawara kuwa, mun koya wa duniya sabon salo. A Maris 2011 Jonathan ya ƙi zuwa wadda su Buhari da Ribadu da Shekarau suka halarta, su ma suka ƙi zuwa tasa, ya tsaya shi kaɗai gaban kyamara ya yi muhawara, babu wanda ya kayar da shi. Ranar 19 ga Janairu 2019 a otal ɗin Transcorp Hilton, Buhari bai zo ba, Atiku ya zo ya ga bai zo ba, ya juya.

Duk wannan akwai mai tsawatarwa, wato hukumar kula da kafofin watsa labarai ta NBC, wadda shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabanta, kamar yadda yake naɗa na NTA. Idonta kaifi ne da shi. A Yuni 2019 ta dakatar da lasisin AIT. A Maris 2023 ta ci gidan talabijin na Channels tarar naira miliyan 5 saboda hira da ɗan adawa Datti Baba-Ahmed. A Mayun shekarar Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da hurumin cin tara, amma wannan ƙaramar magana ce, tunda saƙo ya riga ya isa ɗakunan labarai.

Kai kuma mai kallo, ka riƙa tunawa cewa daga harajinka ake biyan albashin mai kyamarar Garki da man motarsa, ko kana jam'iyyar mai gida ko ba ka ciki. Zaɓen 2027 yana tafe. Ka ci gaba da biya a kan kari, ka kunna akwatinka ƙarfe tara, za a gaya maka wanda kake so.