Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ciwon Sukari

Zuwa ga Malam Ciwon Sukari,

Bayan gaisuwa irin wadda ladabi ya wajabta ko ga baƙon da ba a yi marhabin da shi ba, na rubuto ne a madadin idanun jama'a, waɗanda suka wakilta ni in kawo ƙararka gare ka, tun da ba a taɓa samun alƙalin da ya iya aika maka da sammaci ba.

Ba mu musun daɗewarka, domin Ibn Sina ma ya ambace ka cikin littafinsa Al-Ƙanun, kuma ƙishirwa da yawan fitsari da ramar da kake sa wa mutane a sarari kake yinsu. Abin da muke tuhumarka da shi shi ne ha'inci. Kakan sulale can bayan ido, inda tantanin da ke karɓar haske yake, ka raunana ƙananan jijiyoyin jini, wasu su yi ta yoyo, wasu su toshe, har ido ya tsiro da sababbi marasa ƙwari waɗanda kan fashe su lulluɓe gani. Alhali duk shekarun nan babu zafi, babu ƙaiƙayi, mai ido yana ta tilawarsa lafiya lau, tamkar mai ɗakin da gara ke cin azararsa yana barci. Wannan bai ishe ka ba, sai ka gaggauto da yanar ido tun kafin furfura. Har raini kake yi wa hankali: yau gani ya dushe, gobe ya washe, gwargwadon hawa da saukar sukari, bawan Allah ya yi ta sauya tabarau yana zargin mai sayarwa.

To, ka sani asirinka ya tonu. Tun 1851 Helmholtz na Jamus ya ƙago madubin leƙa cikin ido, kuma a 1921 aka gano insulin a Kanada. Yau likita kan ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, ya ga ɓarnarka tun tana ƙarama, ya tare ta da hasken leza ko da allura, ya kuma ja kunnen aminin nan naka, hawan jini.

Saboda haka muka ƙulla shawara cewa duk wanda ka sauka gidansa zai kai idanunsa a duba sau ɗaya kowace shekara, ko da yana iya zura zare a allura da magariba, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko a asibiti mafi kusa.

Haza wassalam.

Naka, ba don so ba,
Wakilin Idanu