Baron na Ikara da Kewaye

Tsarabar da ɗan ƙanwata ya kawo mini daga Abadin, inda yake karatun harkar man fetur, takarda ce mai kauri a cikin gilashi, da jan hatimi a gindinta. Sunana na tsakiya ɓaro-ɓaro, an rubuta shi da haruffan nan masu ƙafar gizo-gizo, a gabansa kuma an liƙa kalmar Lod.

"Kawu, fili na saya maka a Sikotland," in ji shi, yana cizon leɓe.

Na ce nawa ne girmansa? Ya ce ƙafa ɗaya. Ni kuma kunnena ya jiyo mini kadada ɗaya, don kunne ma yana da son zuciya. Sai da Hajiya ta sa baki daga bakin murhu ta ce ya maimaita, ya zana mata da yatsa a ƙasa: ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi. Ta dubi zanen, ta ce ko kazarta ba za ta yarda ta yi ƙwai a nan ba, ta koma wajen tukunyarta.

Ya kamata a san ko ni wane ne kafin a yanke mini hukunci. Shekara 35 na yi ina koyar da tarihi, na yi ritaya da alli a huhu da fanshon da ke zuwa idan ya ga dama. Gidanmu kaf manoman tumatir ne da tattasai. Sarauta mafi girma da ta taɓa shigowa zuriyarmu ita ce ta wani baffana da ya riƙe unguwa na wata uku, lokacin da mai unguwa ya tafi Hajji. Har ya rasu yana ba da labarin wata ukun nan. Mutumin da ya tashi a irin wannan gida, aka miƙa masa takarda mai jan hatimi, sai a yi masa uzuri kaɗan.

Daren nan ban yi barci ba. Na kwana da waya a hannu, kuma na karu, wannan ba zan musa ba. Ashe a Sikotland akwai wata tsohuwar sarauta da ake kira baron, ta masu ƙasa da sarki ya ba su yanki, har da ikon zaman shari'a a da. A shekarar 2000 majalisarsu ta yi dokar rushe tsarin nan na mallakar ƙasa, ta fara aiki ranar 28 ga Nuwamba 2004, amma aka bar sunan sarautar yana yawo shi kaɗai ba ƙasa, ana gadonsa, ana kuma sayar da shi kamar saniya. Baron yana da kayansa: garkuwa mai zanen gidansu, kwalkwalin ƙarfe a samanta, da wata jar hula mai farin gashi a gefe, da jar alkyabba, da tuta. Akwai ma wani babban jami'i a Edinbura, Lod Layon, wanda aikinsa ke nan, ba da tambari da hana satar tambari. Yana da kotunsa, yana da mai gabatar da ƙara, yana da littafin rajista da ake cikawa tun 1672.

A can ƙasan shafin ne na ga inda ofishin Lod Layon ɗin ya ce mallakar irin wannan ɗan fili na tsaraba ba ta mai da kowa Lod, ba kuma ta ba shi damar neman tambari. Sarautar baron ta gaskiya kuwa kuɗinta dubban fam ne masu yawa. Daidai nan na tuna cewa data tana tsada, na kashe wayar.

Da gari ya waye na riga na ƙara wa kaina girma daga Lod zuwa Baron. Edinbura da nisa, mai gabatar da ƙarar nan ba zai biyo hanyar Zariya ya zo Ikara nemana ba.

Sati guda na yi ina zana tambarina a bayan tsohuwar rajistar aji. Garkuwa koriya, da tumatir uku a tsakiya, don girmama garin da aka kafa wa kamfanin tumatir tun zamanin Balarabe Musa. Rake biyu a gicciye, saboda mahaifiyata 'yar Makarfi ce. Dagin Arewa a sama. Jar hular baron kuwa da na ƙura mata ido sai na ga ai dara ce, na sa dara. Sai fararen dawaki biyu su riƙe garkuwar hagu da dama. Na karanta cewa a can ba kowane baron ake ba masu riƙon garkuwa ba, sai wanda sarautar gidansu ta girmi shekarar 1587. Amma na ce tambarin Najeriya ma dawaki biyu ne ke riƙe da baƙar garkuwarsa, da jar gaggafa a sama, ni kuma ɗan ƙasa ne, ina da kaso a cikinsu. A gindi na sa take: Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Na kai wa wani mai zanen bayan manyan motoci a Makarfi. Ya karɓi kuɗi ya ce in dawo bayan kwana biyar, na koma bayan kwana goma sha biyu na tarar ya gama.

Bawan Allah nan bai taɓa zana dokin hawan Sallah ba. Dawakin da ya sani su ne masu juya injin matse rake a wajen masu mazarƙwaila, waɗanda ke wuni suna zagaye wuri ɗaya. Su ya zana mini, da haƙarƙarinsu a waje, kai a sunkuye, idanu a lumshe, sun jingina da garkuwar kamar ita ce ke riƙe da su. Tumatir ɗin ya jera su a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, ya ce ja ya ƙare masa a na biyu, don haka na ukun ɗanye ne. Taken kuma fili ya gaza masa, ya tsaya a Sannu Ba Ta Hana.

Duk da haka na kafa allon a ƙofar gida. Kafin azahar mutum huɗu sun yi sallama. Biyu suna tambayar nawa nake sayen kwando, ɗaya ya zo da katin ɗan ƙasa a rubuta sunansa a rabon taki, ɗaya kuma ya ce in dawakin nan na sayarwa ne yana da mai so, amma sai an yi musu allura.

Hajiya ta fito ta tsaya gaban allon, hannu a ƙugu. Ta ce, "Malam, girman kai dai rawanin tsiya ne." Kuskuren da ta yi ke nan, don ita ta tuna mini ban da rawani.

Ana haka sai ga katin gayyata. Wani tsohon ɗalibina an yi masa wata 'yar sarauta a ƙasar Kudan, za a yi walima. Na sauko da rigata aska takwas, wadda rabona da ita tun auren fari na 'yata, na sayi harsa fara sol, na ari alkyabba wajen masu wasan kwaikwayo na makaranta. Ranar tafiya na kulle ɗaki, na jingina waya da madubi, ina kallon hotunan hawan daushe ina naɗi. Awa biyu. Rawanin nan ya warware sau shida, sau ɗaya ma ya shaƙe ni. Da ya zauna sai na ga kamar da saura, na jawo kunnuwa biyu na tsayar da su a sama, na ja amawali na rufe baki. Abin kunyar shi ne na san ma'anarsu. Ni da bakina na sha gaya wa 'yan aji biyu cewa kunnuwan nan na sarki ne da jinin sarauta. Sai na yi wa kaina fatawa cewa wannan dokar cikin gida ce, ni kuwa sarautata ta ƙetare ce.

Tsohuwar Fijo ɗina ba a ƙera ta don masu kunnuwa ba. Daga Ikara har Makarfi, har muka miƙa Kudan ta cikin gonakin rake da rumfunan inabi, a karkace na yi tuƙi, kunne ɗaya yana leƙen taga.

Ina fitowa maroƙa suka yo kaina kamar an watsa wa kaji tsaba. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ina?" Na amsa ta cikin amawali, da muryar da na yi kwana uku ina gwadawa a banɗaki: "Sikotland." Ya miƙe ya juya wa jama'a, ya kwarara ihu cewa ga baƙo daga Sakkwato.

Wuri ya ruɗe. Aka tashi wani dattijo daga kujerar kushin aka zaunar da ni, aka kawo lemo mai sanyi, mai algaita ya zo ya kafa mini ita a kunne. Na san ya kamata in gyara zancen. Amma kushin ɗin yana da laushi, kuma ban taɓa jin an kira ni jikan Mujaddadi ba. Hannuna ya riƙa shiga aljihu yana fita da kansa. Fanshon wata guda ya tafi kafin a buɗe taro da addu'a.

Sai ga wani tsoho cikin riga ja da kore, irin bayin sarkin nan da suka ga jiya suka ga yau. Ya tsuguna gefena ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce a hankali, su dai a Zazzau gida huɗu suka sani, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, to a can Sakkwato ni ɗan wane gida ne, don a san kirarin da za a yi? Ina laluben amsa, sai wani ƙato daga baya ya ɗaga murya cikin murna: "La! Wallahi Malam ne na Ikara! Shi ya koya mana tarihi!" Ya taho da gudu zai gaishe ni, wasu uku suka biyo shi. Ban taɓa baƙin cikin ɗalibi mai ladabi ba sai ranar.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, zo mu ɗan gaisa a bayan rumfa." Can ya sa yatsu biyu ya tura kunnuwan nan cikin naɗin, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cire ƙaya. Ya sassauta amawalin ya saukar da shi ƙasan haɓa. Ya zare alkyabbar daga kafaɗata ya ninke ta da kyau ya miƙo mini, ya ce ita wannan sarki ke yafa wa mutum a gaban jama'a. Mai Martaba Ahmad Nuhu Bamalli ma, in ji shi, jikan Malam Musa da ya karɓo tuta daga hannun Shehu, da ya hau a 2020 naɗa shi aka yi, sandar ma miƙa masa aka yi. Sannan ya ja baya ya dubi kaina.

"Wa ya naɗa maka wannan?"

Na ce ni na naɗa.

Ya ce, "Shi ya sa ya karkace."

Na ƙarasa walimar a layi na huɗu, kan farar kujerar roba mai ƙafa ɗaya a ɗaure da waya. Maroƙan nan suka riƙa wucewa ta gabana kamar ba su taɓa ganina ba. A hanyar dawowa mai ya ƙare mini a Hunkuyi, sai ɗalibin nan da ya tona ni ne ya tsaya ya saya mini lita biyar, yana ta ba yaransa labarin yadda nake da tsanani a aji.

Harsar tana nan, Hajiya na tace gasara da ita, ta ce ba ta taɓa samun matacin da ya kai ta ba. Allon kuma ta kwantar da shi a kan rufin kaji tana shanya kauɗar tumatir, dawakina biyu suna kallon sama. Takardar ce kawai na hana a taɓa, tana rataye a bayan ƙofa inda baƙo ba ya gani.

Shekaranjiya yaro ya kawo mini ambulan daga kwamitin gyaran masallacin unguwarmu. An kasa masu ba da gudummawa gida uku. 'Yan fansho naira dubu biyu, 'yan kasuwa dubu goma, manyan gari dubu hamsin. Na duba layin 'yan fansho sau biyu ban ga sunana ba. Yana can sama, na uku, an rubuta shi da jan biro: Mai Girma Baron na Ikara da Kewaye.