Masu Doya, 'Yan iPhone da Sauran Jama'ar Waya

A Salaga doya iri biyu ce. Akwai wadda ake lodawa a mota a kai Makango, jirgin ruwa ya tsallaka da ita tafkin Volta zuwa Yeji. Akwai kuma wadda ake sakawa a aljihu, wato ƙaramar wayar nan mai maɓallai da Kanawa ke kira rakani-kashi, mutanen Gana kuwa suka raɗa mata doya da Turancinsu. Alhaji dillali yana sayar da ta farko, ba ya rabuwa da ta biyu.

Wannan bawan Allah bai san ana wani yaƙi tsakanin Apple da Google ba, kuma ko an ba shi labari, tambayarsa ita ce mutum nawa suka mutu. Wayarsa itel ce, an ɗaure ta da roba, lambobinta sun goge, amma caji ɗaya yakan kai shi daga wannan kasuwa zuwa ta gaba, ko da NEDCo ta yi kwana uku tana wasan ɓuya da wuta. Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, iliminsa na zamani ya tsaya a *170#, kuma ya ishe shi karɓar kuɗin lodi daga Kumasi. Sau ɗaya aka taɓa jin ya yi fushi da fasaha, lokacin da gwamnati ta ɗora harajin kashi 1.5 a kan tura kuɗi a Mayun 2022. Sai da aka soke harajin a Afrilun 2025 ya huce.

Kishiyarsa, ɗan iPhone, yana Yendi. Ranar Damba za a gan shi a ƙofar fadar Gbewaa, ba mahaya yake kallo ba, ba masu kalangu ba, so yake a kalle shi. Yana da wani salon riƙe waya wanda ko daga ina ka ɓullo sai tambarin tuffa ya gaishe ka. Ta hannu ce, daga Tip Toe Lane da ke Circle a Ankara, inda mai saye ke yin hamdala idan ya buɗe kwali bai tarar da sabulu ba. Kafin la'asar batir ya yi ja, sai ka ji shi yana bin rumfuna yana cewa, "Don Allah wa ke da cajar iPhone?" Babu. Apple ta koma bakin caja irin na kowa a 2023 da iPhone 15, sai dai tasa ta girmi wannan sulhu da shekaru. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaron da ke gefensa da Tecno Camon, wanda hotunansa suka fito da fuskokin jama'a tas, domin kamfanin da ke ƙera ta, Transsion na Shenzhen, ya daɗe da saita kyamararsa a kan baƙar fata. Ɗan iPhone ya duba, ya taɓe baki, ya ce kala ta yi yawa, sannan ya roƙi a tura masa.

A Bawku kuwa ba a tambayar sunan waya, ramin layi ake ƙirgawa. Garin yana dab da Togo da Burkina Faso, don haka ɗan kasuwar albasa da ke zirga-zirgar Sinkase yana yawo da layi huɗu a waya biyu: MTN don kuɗi, Telecel da har yanzu yake kira Vodafone, AT saboda wani garaɓasar data da ya manta ko ta ƙare, da Moov don ƙetare. Ba ya kira, filashin yake yi. Ka kira shi ya ce, "Kashe ka neme ni a ɗaya layin." Irinsa ne suka ɗora Tecno a kan karaga, tun lokacin da manyan kamfanoni ke ganin layi ɗaya ya ishi mutum mai mutunci.

Sai masu takaba. Wani malamin makaranta ya bi Nokia da zuciya ɗaya lokacin da ta saki Symbian ta auri Windows Phone a 2011. Microsoft ta sayi sashen wayoyin a 2014, masu rubuta manhaja suka ƙi zuwa biki, WhatsApp ya janye a ƙarshen 2019. Wayarsa Lumia tana nan a akwati, yakan fito da ita ya goge ya ce ba a sake yin waya irinta ba. Abokin zamansa har yau ya haddace lambarsa ta manhajar hira ta BBM, kamar mai riƙe da makullin gidan da aka rushe. Sabon shiga cikinsu shi ne wanda ya kwaso Huawei mai sheƙi, bai ji labarin takunkumin da Amurka ta saka wa kamfanin a 2019 ba, ya kwana yana laluben Play Store.

Wanda ya fi ban tausayi dai shi ne ɗan manhaja. Ya gama karatu a jami'ar UDS ta Tamale, ya dawo da burin rubuta abin da zai riƙa sanar da manoma farashin doya. Ya zauna ya yi lissafi: Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple na son dala 99 duk shekara, kuma sai da kwamfutar Mac. Ya juya kuɗin zuwa sidi, ya yi salati, ya zaɓi Android. Gwaggonsa ce ta fara sauke manhajar tasa don kara, ta goge bayan kwana biyu, wai waya ta cika, kuma ba za ta taɓa bidiyon bikin 'yarta ko wa'azin Ramadan ba.

Daga nan ya nufi rumfar Alhaji dillali, ya durƙusa ya gaida shi, ya yi bayani na kusan rabin awa. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya zaro doyarsa daga aljihu, ya miƙa masa.

"To ɗana, Allah ya yi albarka. In na danna tauraro, wace lamba ke biye?"