Rugar Turawa

Taubashi,

A gaishe min da Kawu da mutan gida. Yaji ya iso. Gyara zama ka sha labari.

Mutanen nan na Indiyana, wutarsu ba ta ko ƙiftawa, ga ruwan zafi a famfo, amma da ƙarshen watan Mayu ya yi sai ka ga an kulle gida, an ɗaura wa mota wani ɗaki mai taya, an nufi daji. Kuma biya suke yi a bar su su kwana cikin sauro! Su hura wutar itace, hayaƙi na cika musu ido, suna murna kamar an ba su kujerar Makka. A yankin Elkhart da ke arewa da mu ake ƙera mafi yawan ɗakunan nan na Amurka. Ka gaya wa Fulanin bayan garinmu cewa a nan sai mai hali ke zaman ruga, shanu kawai suka rasa.

To, maƙwabcina, wani dattijo mai kirki, ya kawo min kuka: kafin hira ta yi daɗi batirin ɗakinsa ya mutu. Na leƙa, sai ga tsofaffin ƙwai masu zare har 8, kowanne na zuƙar kusan amfiya ɗaya da rabi, ga zafi kamar kaskon tuya. Batirin mai amfiya-awa 80 ne, kuma irinsa ba a so a sha fiye da rabi. Yi lissafi, awa uku da ɗan ɗoriya ke nan. Ni za a gaya wa tattalin batir? Mu da muka yi karatun jarrabawa da tocila ɗaya mu biyar!

Na cire kan batir, na sauya ƙwan duka da LED masu cin kamar 0.2 kowanne. Na zaɓi masu haske ja-ja irin na fitilar ƙwai, don farin nan fat yana mai da ɗaki kamar asibiti. Ga inda gizo ke saƙar: mun saba jar waya ce mai wuta, baƙa ta koma. A ɗakinsa baƙa ce mai wuta, fara ce mai komawa, LED kuwa idan ka juya masa kai ko kallonka ba zai yi ba. Sai da na gwada kowace waya da mita. Na ja sabon layi zuwa rumfar waje, na sa masa fis kusa da batir, na ɗaure mahaɗa tamau saboda jijjigar hanya.

Da na danna makunni, tsohon nan ya rungume ni, matarsa ta fara kiran dangi. Yanzu duk layinmu Injiniya ake ce min, saura kaɗan a naɗa ni Sarkin Wuta. Kai da kake kirana mai ɗaure waya da leda, sai ka shirya gaisuwa da durƙuso.

Sun tafi da ni bakin tafkin Mishigan kwana biyu, batir ko gezau. Da dare ya raba na kashe fitilun, na shimfiɗa darduma a waje. Taurari tar, kamar a tsakar gidan Kaka lokacin da aka ɗauke wuta muka fito da tabarmi. Na juya zan ce maka ga Kaza da 'Ya'yanta can.

In mai zuwa ya samu, a ƙaro kuka da daddawa.

Naka,
ɗan gwaggonka