Yadda Ake Faɗuwa Zaɓen Kansila a Zango Ba Tare da an Karye Ba

Masu koya wa ɗan takara yadda ake cin zaɓe ba su da iyaka a Damagaram. Kowace fadar shayi da gwaninta, kowane maroƙi da lissafinsa, har mai kabu-kabun da ya ɗauko ka daga Kasuwar Dole zai faɗa maka yawan ƙuri'un unguwarku kafin ka sauka. Mai koyar da faɗuwa ne babu, alhali a kowane zaɓe masu faɗuwa sun ninka masu ci. Na ga mutanen kirki a unguwar Zango da rashin kujerar kansila ya kwantar, wasu ya raba su da 'yan uwa, kuma abin yana damuna. Saboda haka ga shawara kyauta, ko goro ba na nema.

Shirin faɗuwa daga ranar da ka ci yake farawa. A ranar za a cika ƙofar gidanka ana "Konseye, Allah ya taya riƙo", kai kuma ka ji hula na neman matse maka kai. Daure ka tuna abin da doka ta ba ka. Kansila ba ma'aikacin albashi ba ne. Kafin a rusa ta a 2024, majalisa tana zamanta na doka sau huɗu a shekara, sai in wani abu ya taso a kira na gaggawa, kuma abin da ke shiga aljihunka ɗan kuɗin zama ne da gudummawar suna da biki za su cinye kafin ka iso gida. Unguwa ba ta san wannan ba. A wurinta, tunda ana ganin ka kana shiga ofishin magajin gari ba mai tare ka, to makullin baitulmali yana aljihun rigarka. Don haka kada ka rufe shagonka. In baduku ne kai, ci gaba da ɗinka jaka da takalmi. In ɗan tireda ne, kada ka bar wa yaro awon sukari ka ce kai yanzu ka wuce nan. Kada ka ci bashin mota, kada ka sauya lambar waya, kada ka sa wa zaure ƙofar ƙarfe. Duk abin da ka ɗora wa kanka ranar hawa kai za ka sauke shi ranar sauka, kuma a gaban mutane.

Sai maganar alkawari. Mutanen Zango jikokin fatake ne. Nan ayarin Agadas da na Tarabulus ke sauke kaya tun zamanin Sarki Tanimun, nan attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna, kuma gadon da suka bari bai tsaya ga gidaje masu zanen bango ba, har da iya riƙe bashi a ka. Abin da ka faɗa kan tabarma da bakin kamfe, za a karanto maka shi bayan shekara biyar ba a tsallake harafi ba.

Don Allah kada ka yi alkawarin ruwa. Na san za a tunzura ka, domin babu abin da ke sa taro tafi a Damagaram kamar wannan kalma. Amma garin nan a kan dutse yake zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga Ganaram, kuma wannan aikin gwamnatin ƙasa ne da masu ba ta rance, ya fi ƙarfin kasafin gunduma, balle na kansila ɗaya. Ka fita da asuba a watan Afrilu ka tsaya bakin famfon unguwa. Jarkoki rawaye a jere tun tsakar dare, kowace da igiya ko tsumma a hannunta don mai ita ya gane ta, yarinya na gyangyaɗi a kan tata, mai garuwa ya jingina kurarsa yana jiran famfo ya yi tari. Tsohuwar da ke tsaye a wannan layi, in ka taɓa ce mata "Inna, in na hau ruwa ya zo", to ita ce za ta kayar da kai, kuma da gaskiyarta. Ka faɗa mata abin da za ka iya: "Inna, zan matsa a gyara wannan famfo, zan sa a yashe kwatar ƙofar gidanki kafin damina, zan raka jikanki ya karɓi takardar haihuwa don kada a hana shi jarrabawa." Waɗannan ƙanana ne a bakin mai lasifika, amma su ne aikin kansila na ainihi: kwata, bola, rumfunan kasuwa, azuzuwan zana da ke jiran bulo, takardun haihuwa. Wanda ya yi su, ko ya faɗi, ana tashi a ba shi wurin zama.

Abu na gaba da 'yan takara da yawa ba sa so su ji shi ne, ba fuskarka ake zaɓa ba. Jerin sunaye ake zaɓa. Kafin a rusa jam'iyyu a 2025, mai ƙuri'a yana dangwala wa jam'iyyar Tarayya ko Canji ko Nasara ko Lumana, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu, a ɗauko daga saman jeri a gangaro har inda rabo ya ƙare. Mutane da yawa sun faɗi tun a zauren shugaban jam'iyya, da dare, makonni kafin a buɗe akwati, su kuwa suna can suna buga hotuna. Kafin ka sayar da rago ka yi fosta, je ka ga lambarka da idonka. In ka tarar da kanka can ƙasa, yi kamfe daidai ƙarfinka, ka ajiye kuɗin makarantar yara. In kuma ka ga sunan Hajiya a samanka, kada ka yi gunaguni: dokar kason mata tun shekarar 2000 take, a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe, kuma Hajiyar ta shiga gidajen da kai sallama kawai kake yi daga zaure. Ke kuma Hajiya, kada ki yarda a ce ki kawo mata taro ki dafa shinkafa, sannan a manna sunanki a wutsiya.

Ranar zaɓe ka ci abinci da wuri, ka ɗauki bargo. Zaɓen ƙananan hukumomi na 11 ga Janairun 2011 da na 13 ga Disambar 2020 duk cikin hunturu aka yi su, kuma sanyin dare da faɗuwar gaba ba sa haɗuwa a cikin da babu tuwo. Ƙirga a ajin makaranta ake yi, da fitila mai batir, wani na buɗe takarda yana ɗaga ta sama, wani na jan layi da alli a allo, wakilan jam'iyyu a takure kan bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Tura wakili mai sanyin rai wanda ya iya rubutu, ka ce masa kada ya taso sai da takardar sakamako mai sa hannu. Kada ka ɗauko makaɗa tun la'asar. Kada a yanka komai sai an ji daga hukumar zaɓe. Na san gidan da aka soya nama tun magariba, aka wayi gari ana rabon sa a matsayin sadaka.

To, an faɗi. Nan ne aikin yake.

Ka fita sallar asuba, a masallacin da ka saba, a sahun da ka saba. Fitowar farko ita ce mai nauyi, kuma kowace rana ka ƙara a ɗaka nauyinta ƙaruwa yake. Za a gaishe ka gaisuwar ta'aziyya, da sunkuyar da kai da riƙe hannu, "Konseye, ya haƙuri?" Amsa ita ce "Alhamdu lillahi, mulki na Allah ne." Ka tsaya nan. Kada ka ƙara "amma". Daga "amma" ake shiga labarin akwatin makarantar kaza da wakilin da aka saye, kafin rana ta fito an kai maganarka Birni an dawo da ita Sabon Gari da ƙari.

Wayarka za ta yi shiru kamar an kai ta gyara. Lafiyarta lau, kada ka buɗe bayanta. Bencin ƙofar gida da ke ɗaukar mutum goma zai koma ɗaukar biyu. Ka lura da biyun nan da kyau, ka sa a dafa musu shayi har zagaye na uku. Maroƙin da ya haɗa nasabarka da sarakunan Barno zai wuce ta gabanka yana kallon sama. Bar shi, sana'arsa ce, kuma yana da iyali. Ka shiga ciki ka gode wa uwargida da baki, "Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka", domin ita ta yi wata guda a bakin murhu tana ciyar da mutanen da ba ta san sunansu ba, kuma ita za ta sha habaici a gidan biki fiye da kai. Fostocinka kuwa ka sa yara su ɓamɓare su daga bango da kansu, tun awakin unguwa ba su fara da gemunka ba.

Kada ka zauna lissafin maciya amana. Kowa ka haɗu da shi zai rantse kai ya zaɓa, in ka tara rantsuwar nan har kujerar shugaban ƙasa ta ishe ka. Karɓi rantsuwar ka ce ka gode. Ƙuri'a a asirce ake jefa ta, kuma don haka aka sa labule. Sabulu da sukarin da ka raba sun tafi. In da niyyar sayen ƙuri'a ka ba da su, ka nemi gafarar Allah, in da niyyar alheri ne, ladanka na nan. Malamin da ya buga ƙasa ya ce ya ga kujerar a hannunka ma kada ka koma neman canji, zai ce maka bai faɗi shekara ba. Kotu kuwa hakkinka ce in kana da takardu masu sa hannu da ke nuna an yi maka ƙwange, kuma ka hanzarta don wa'adin ƙara gajere ne. In hujjarka ita ce "kowa ya san ni na ci", kada ka sayar da fili.

Cikin makon nan ka je gidan wanda ya hau, da rana, a ƙafa, kowa na gani. Ka tafi da littafinka na aiki. In ƙaninka ne a shekaru ka ce, "Ƙanena, Allah ya taya ka riƙo, ga inda na tsaya." Ka nuna masa kwatar da aka fara ba a gama ba, da famfon da aka yi wa takarda, da sunayen yaran da ke jiran takardar haihuwa, da tsohon da rumfarsa ta kasuwa ke cikin rigima. Na fi matsa wa a kan wannan fiye da komai, domin abin da ke cutar unguwa shi ne kowane sabon kansila ya fara daga fari, mai sauka ya tafi da takardu gida don haushi, ruwan sama kuma ba ya jiran kowa ya huce. Wanda ya ga yadda daminar 2024 ta rusa tsohon masallacin Birni a watan Satumba, ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin, ya san maganar magudanar ruwa a garin nan ba ta jam'iyya ba ce.

Za a zo maka da tayin sauya sheƙa. Bari tawadar yatsanka ta goge tukuna.

In zuciya ta ce maka shi ke nan, ka duba garinka. Mahamman Usman ɗan Damagaram ne; ya ci shugabancin ƙasa a 1993, sojoji suka sauke shi a Janairun 1996, ya dawo ya shugabanci majalisar dokoki, ya sha faɗuwa takara, a Fabrairun 2021 kuma sai ga shi a zagaye na biyu. Mai martaba Sarkin Damagaram Abubakar Sanda an sauke shi a 2001, ya koma gadon sarautarsa a 2011. Su ma sai da suka yi fitowar farko bayan saukar.

Kuma ka sani akwati ba shi kaɗai ke karɓe kujera ba. Tun zaɓen 24 ga Yulin 2004, da aka kafa majalisun gundumomi a duk faɗin Nijar, kalandar kansila ba ta taɓa zama a hannunsa ba. Bayan juyin mulkin Fabrairun 2010 an rusa majalisu. Waɗanda aka zaɓa a 2011 don shekara biyar an yi ta ƙara musu wa'adi har 2020. Waɗanda suka ci a 2020 kuwa a rediyo suka ji saukarsu, a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadinsu, a Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun kansu. Yau wanda ya kayar da kai da kai ɗin benci ɗaya kuke zaune. Matsa masa, ka miƙa masa kofin shayi, kada ka tuna masa komai.

Sunan "Konseye" dai ba mai karɓe maka shi, har jikoki za su tarar da shi, kuma da shi za a ci gaba da buga maka ƙofa da dare in mai naƙuda na neman mota. Ka buɗe. Ka san ƙofofin ofisoshi, ka san wanda ake gani a kan takardar fili da wanda ake gani a kan ta haihuwa, kuma wannan sani ba a rusa shi da sanarwa.

Roƙona ga mahukunta shi ne a mayar wa unguwanni damar zaɓen wakilansu, domin talaka yana bukatar wanda ya san ƙofar gidansa, wanda zai iya tsayarwa a hanya ya tambaye shi labarin kwata. Ku kuma mutanen Zango, in kun haɗu da tsohon kansilanku a Kasuwar Dole yana taya tumatir, ku gaishe shi da kyau, ku tambaye shi iyali, maganar famfo ku bari sai ya gama ciniki.