Kashin Giwa Ma Abin Kallo Ne

A da, mutumin Ruwan Bore da ke son labarin giwa ba sai ya bar Zamfara ba, ga dajin Kuyambana can wajen Ɗansadau. Yau mazauna dajin ba masu karɓar baƙi ba ne, don haka sai a nausa Bauchi, dajin Yankari, wanda aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962.

Aka ce a je da rani, lokacin da ƙishi ke tara namun daji a bakin kogin Gaji. To, mun je. Mota ta gama girgiza mana hanji, can ɗan jagora ya ɗaga hannu: "Alhaji, a yi shiru!" Muka miƙa wuya. Ashe kashi ne, tuli guda, ƙudaje na ta biki a kai. "Yanzu-yanzu suka wuce, ranka ya daɗe." Abokin tafiyata ya durƙusa ya ɗauke shi hoto, kada a ƙaryata shi a gida.

Birai kam ba a neman su. Muna wanka a ruwan ɗumin Wikki, wani ƙato ya zuge jakarmu, ya cinye kilishin, ya bar mana takardar.