Feshin Hanci da Likitocin Majalisa

A Dukku, idan sussukar dawa ta haɗu da ƙurar hunturu, ni ne abin tausayi. Atishawa nake jerawa har masu cewa "yarhamukallahu" su gaji su koma hirarsu. Da abin ya ishi uwargida, sai ta tasa ni gaba zuwa Kontagora. Likita ya ce ba mura ba ce, alaji ne: jikina ne ke ɗaukar ƙura da ƙaiƙayi a matsayin abokan gaba. Ya rubuta mini 'yar kwalbar feshi mai sinadarin fluticasone, ya ce, "Malam, ai wannan ko yaro zai iya."

Na dawo gida na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Ashe sabuwar kwalba sai an girgiza ta, an fesa a iska tukuna. Na juyo bakinta na leƙa in ga abin da ya toshe, a nan ta ga damar yin aiki. Idon dama ya sha rabon hanci.

Da yamma na kai ƙara majalisa. Kawu ya karɓi kwalbar ya jujjuya, ya ce, "Ɗana, ɗaga kai sama ka zuƙa da ƙarfi, yadda muke yi wa tabar shaƙa." Na zuƙa. Maganin ya wuce hanci ko sallama babu, ya sauka a maƙogwaro da ɗacinsa. Washegari atishawa na nan daram, sai majalisa ta yanke hukunci cewa jabu ne, aka tura ni kemis na sayo Otrivin. Cikin 'yan mintuna hanci ya buɗe, na dinga sa wa Kawu albarka. Na riƙe shi safe da dare har makonni, sai hancin ya rufe ruf, ya fi na da.

Na koma Kontagora ina numfashi da baki. Wata sista ta saurare ni, ta danne dariya, ta ce, "Baba, Otrivin ba a wuce mako guda ana fesa shi, in an zarce shi da kansa yake toshe hanci. Na likita kuwa kumburi yake kwantarwa a hankali, sai an yi kwanaki ana fesawa kullum." Ta nuna mini: a fyace majina, a ɗan sunkuyar da kai, hannun dama ya fesa hancin hagu, a karkata bakin kwalbar wajen kunne don kada a raunata tsakiyar hanci, sannan a shaƙa a hankali. Bayanin bai kai minti biyu ba, kuma shi ne sauƙin da aka ce yaro ma zai iya.

Yanzu ina wucewa ta masussuka lafiya lau. Kawu dai bai sauka daga bakansa ba. Ya ce tabarsa ta fi araha, kuma tunda yake bai taɓa jin wanda ya zuba ta a ido ba.